Randa Biyu

Ruwan ya kai mata ƙugu sa'ad da ƙafarta ta sarƙe da igiya. Ruƙayyatu ta tsaya cak, hannu ɗaya riƙe da ƙwaryar da take tara saiwar bado, ɗayan yana ɗigar da laka. Da farko ta ɗauka maciji ne, har ta buɗe baki za ta kurma ihu. Da ta ji abin bai motsa ba, sai ta sunkuya ta lalubo shi. Igiyar rama ce, an ɗaure ta a turke can ƙarƙashin ruwa. Ta ɗan ja. Wani abu mai nauyi ya motsa a ƙasa, kumfa ta taso, wari ya biyo ta, sannan gashi ya bazu a kan ruwan, fari da ja. Gashin shanu ne.

Ta ɗago igiyar sosai ta duba. A tsakiya an ƙulla ta da tsumman shuɗin zane. Ba ta bukaci a gaya mata ba. Ita da hannunta ta yage tsumman nan daga tsohon zanenta, ta miƙa wa mijinta Haladu ran da igiyar jakinsu ta tsinke.

"Ke Kaɗo!" aka kira daga bakin ruwa. "Kifi kika kama ne, ko mutanen ruwa sun riƙe ki?"

Adda ce, matar Manu Bafulatani, tsaye da babbar ƙwarya a ka, 'yarta Zinariya tana riƙe da bakin zanenta. Ruƙayyatu ta saki igiyar, ta danne ta da ƙafa.

"Ƙaya ce ta soke ni," ta ce. "Ku Fulani ba ku barin mutum ya ji da ciwonsa."

"To fito mu gani. In ƙafar ta lalace mu yanke, dama ba tafiyar kirki kike yi da ita ba."

Ruƙayyatu ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Tana kallo Adda ta zaga ta tsuguna a wajen shan mutane, ta kore ganye da bayan ƙoƙo, ta cika ta miƙa wa yarinyar. Zinariya ta shanye tas, ta goge baki da bayan hannu, ta miƙa ƙoƙon a ƙara mata.

Shekara ta biyu ke nan da sama ta riƙe ruwanta, shekarar da aka shigo da Naira tsofaffi suna ta rikicewa a kasuwa. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar duk wani tafki ya ƙafe ya tsattsage. Na Marke kaɗai ya rage, shi ma ya ja da baya ya bar itatuwan da suka ba shi suna can nesa da shi. Ƙauyen Marke da rugage uku a kansa suka dogara. Tun zamanin kakanni an raba shi: gabas na shan mutane, an kewaye da ƙaya, yamma mashayar dabbobi, kudu na masu wanki da haƙar bado. Tsoho Gudaji ne mai jiran tafki, gadon gidansu ne, kuma in akuya ta kuskura ta ƙetare ƙayar nan, mai ita sai ya gwammace kiɗa da karatu. Sai dai ƙaya akuya take tsarewa, ba ta raba ruwa, balle yanzu da mai ƙarfin hannu zai jefa dutse daga kudu ya faɗa gabas.

Tsakanin matan nan biyu kuwa akwai abin da ya fi wasan Kaɗo da Fillo. Bara da nonon Ruƙayyatu ya ƙafe saboda yunwa, jaririnta Sabo yana kuka har muryarsa ta dushe, Adda ce ta riƙa zuwa kullum da safe da madara a ƙoƙo, wata uku cur, ba ta karɓi ko ƙwayar gero ba. In aka yi mata godiya sai ta ce, "Ku Haɓe kun cika surutu," ta kaɗa zane ta tafi.

* * *

Ta sami Haladu a bayan gida yana kankare wani ƙirgi da wuƙa. Da can manomi ne na gero da gyaɗa, fari ya mai da shi mai bin mushe. Shanu suna faɗuwa a kan hanyar Maigatari, masu su ko waiwaye ba su yi, shi kuwa ya bi da jaki ya feɗe, ko ya sayi wanda aka riga aka feɗe aka yar a ƙasa ya ƙandare. Ran Alhamis ya kai kasuwa, ya dawo da gero. Gidajen da ake jin ƙarar turmi a Marke a shekarar nan ba su da yawa, nasu yana ciki.

"Malam, yau na shiga haƙar bado."

"Madalla."

"Ta kudu na shiga, wajen da ruwan ya fi zurfi."

Wuƙar ta tsaya. Bai ɗago kai ba.

"Wa ya gani?"

"Abin da za ka tambaya ke nan?"

Ya ajiye wuƙar, ya share zufa da hannun riga. "Zauna, Ruƙayya. Ƙirgin da ya bushe a ƙasa ya nannaɗe, dillali ko kallonsa ba ya yi. Sai an jiƙa shi ya yi laushi, a miƙe shi a itace ya sake bushewa a inuwa. Guda goma sha biyu ne a ruwan nan. Ke za ki ɗebo min abin da zai jiƙa su a tulu?"

"Na mushe ne fa. Ba mu san abin da ya kashe su ba."

"Yunwa ta kashe su. Ita ce kuma zaune a ƙofar gidan nan tana jira in huta."

"Mutane suna sha, Malam. Mu ma muna sha."

"Ruwa mai yawa ba ya ɗaukar najasa. Ba ni na faɗa ba, malamai suka faɗa."

"Sun ce in bai sauya launi ko wari ba. Je ka sa hanci."

Haladu ba mugu ba ne, ya kamata a faɗi wannan. Mutum ne da ya ga rumbunsa ya zama wajen kwanan kaji, ya sami fatawa guda da ta yi daidai da bukatarsa, ya riƙe rabinta ya saki rabi. Da tsakar rana yake kai ƙiragan, sa'ad da zafi ya kori kowa, Gudaji kuma yana gyangyaɗi a gindin marke.

"Kwana uku," ya ce. "In kwashe, shi ke nan."

"In na je na gaya wa Baba Gudaji fa?"

"Kin san hukuncin. Gidan da ya ɓata tafki ba ya ƙara shan tafki. Ki je. Sai mu kwashi yara mu bi hanyar Kano, mu zauna a tasha tare da waɗanda kike gani suna wucewa da tabarma a ka."

Ta san su. Kullum suna wucewa daga arewa, mata da yara, idanu sun faɗa. Ta juya ta dubi tsakar gida. 'Yarta Mariyamu tana zaune a inuwa tana ba Sabo ɗumamen tuwo, loma ɗaya nasa, biyu nata. Kwana ukun kuwa, da suka cika aka fitar da goma sha biyu, aka mai da wasu.

* * *

A bakin hanyar Gumel akwai rijiyar siminti da gwamnati ta gina. Nisanta ya kai mutum ya fita bayan asuba ya dawo da hantsi, zurfinta kuma sai an haɗa igiya biyu. Ruwanta yana da ɗanɗanon kanwa, shi ya sa mutanen Marke suke raina shi, su ce ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha. Can Ruƙayyatu ta fara zuwa. Ta bi ta bayan gonaki da tulu a cikin kwando, ta rufa masa kara, wanda ya tambaya ta ce itace take nema.

Ta fito da randar aurenta daga ƙarƙashin gado ta ajiye a ƙuryar ɗaki, bayan labule. Ita ce randar sha. Tsohuwar randar kuma tana nan bakin ƙofa inda kowa ya saba ganinta, cike da ruwan tafki, na wanke-wanke da alwala. Ta ja kunnen Mariyamu a kan ta ƙofar, ta ce ƙadangare ya faɗa ciki. Haladu ya ga randa biyu, ya sha daga ta ƙurya, bai ce uffan ba.

Kuma don kada a ce me ya hana matar Haladu zuwa tafki, kullum tana dawowa daga rijiya sai ta sauya tulu ta nufi can. A nan take haɗuwa da Adda. Nan ne wahalar take, ba a hanyar Gumel ba.

Sau nawa ta shirya maganar a ranta! Ta ce yau kam sai ta faɗa, ko da rabi ne, ko da a kunne. Amma ta san Adda. Mace ce da ba ta iya cin abu a ɓoye. In ta ji, kafin azahar rugage uku sun ji, kafin la'asar maganar tana ƙofar Bulama, mai garin, za a kuma tambaya wa ya faɗa, ta yaya ta sani.

Ran nan dai ta daure ta ce, "Adda, ki riƙa tace wa yarinyar nan ruwa da ƙyalle. Ko ki tafasa."

Adda ta kwashe da dariya har ƙwaryarta na neman faɗuwa. "Tafasa ruwa? Sai ka ce mai jego! Ke Kaɗo, mu da muka sha ruwan sawun shanu muka girma. Wanne itacen ma zan tafasa da shi?"

"Na ga kamar ya yi duhu ne."

"Ya ja baya ne. Kowa ya rame sai ya yi duhu, dube ki."

Ruƙayyatu ta bar maganar a nan, ta ce wa zuciyarta ai ta fita haƙƙi. Zuciyar ba ta yarda ba. Kunya take ji, da tsoro, tsoron kuma ya fi kunyar ƙarfi. In Zinariya ta biyo uwarta gidan wasa da Mariyamu, sai Ruƙayyatu ta ja ta ɗaki ta ɗura mata ruwan rijiya har yarinyar ta kau da kai tana cewa ba daɗi.

* * *

Cikin mako na biyu ruwan ya fara magana da kansa. Wani maiƙo ya kwanta a samansa, kwaɗi suka daina kuka, tuwon da aka tuƙa da shi ya riƙa tashi da wani wari. Maruƙa suka fara faɗuwa a rugage. Sai yara, gudawa da amai, gida bayan gida. A unguwarsu Ruƙayyatu gidan Haladu ne kawai ba a shanya tabarmar mara lafiya ba, maƙwabta suna cewa Allah ya tsare musu, tana amsawa da amin kanta a sunkuye.

Bulama ya tara mutane a ƙofar gidansa ran Litinin da hantsi. Mata suka taru a bayan zana suna saurare, Ruƙayyatu a cikinsu da Sabo a baya. Ta wata kafa tana hango mijinta a gefen taro yana zane a ƙasa da tsinke.

Ilu mai tireda ya fara. Ɗansa yana kwance, idonsa ja. Ya ce maganar ba ta da tsawo, shanun Fulani ne. Suna shiga ruwa har ciki, su yi fitsari su yi kashi, wasu su mutu a baki. Da ruwan yana da yawa an haƙura, yanzu kuwa ko su ko mu. Taro ya ɗauki guna-guni na yarda.

Gudaji ya dogara sanda ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza, wannan gaskiya ne. Amma shekara arba'in ina shaƙar tafkin nan. Kashin shanu na san warinsa, ba ya kashe kwaɗo. Wannan warin jima ne. Akwai abin da ke kwance a ƙasan ruwan nan. A kira gayya, maza su shiga su lalube shi, a yashe, a kwashe abin da aka samu."

Idanu biyu ko uku suka juya wajen Haladu, suka kuma dawo da sauri. Kowa ya san sana'arsa. Kowa kuma ya san babu gidan da bai taɓa aika ƙwarya gidansa ba a shekarar nan, har da gidan Bulama, kuma ba ta taɓa dawowa wayam ba.

"Baba ya tsufa, hancin ma ya tsufa," in ji Ilu. "Ina muka sami majemi a garin nan? Kuma wa ke da ƙarfin gayya da cikin da ba komai?"

Manu ya nemi izini, ya tsuguna da sandarsa a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba. "Allah ya ba ka nasara, mu ma shi muke sha. Maruƙana huɗu sun tafi. 'Yata tana kwance tun Asabar. In mu muka ɓata, kanmu muka ɓata wa? Daga nan zuwa wani ruwan kwana biyu ne, shanun nan ba za su kai ba."

Ruƙayyatu ta ji kamar ta yage zanar ta fita. Magana ta zo mata har maƙogwaro. Sabo ya motsa a bayanta ya yi ƙaramin kuka, ta kai hannu ta jijjiga shi, kafin ya yi shiru Bulama ya riga ya yanke. Rugage uku su tashi, an ba su zuwa Juma'a.

* * *

Zinariya ta rasu ran Laraba da safe.

Ruƙayyatu ta je gaisuwa. Rugar ta riga ta zama rabin ruga, an kwance wasu bukkoki an ɗaure itatuwan. Adda tana zaune a kan tabarma, ba ta kuka, don su Fulani ba su yi a gaban mutane. Ruƙayyatu ce ta kasa. Ta durƙusa, ta'aziyyar ta maƙale, sai hawaye. Adda ta kamo hannunta ta zaunar da ita.

"Haba, ke da za ki ba ni haƙuri. Kwananta ne ya ƙare." Ta matso ta rage murya. "Ji nan. Ashe kin fi ni gani, ruwan nan ba lafiya. Da na ji maganarki. Ki kula da naki, kin ji? Ki tafasa musu, ko da zanenki za ki hura wutar. Kada ki bar Sabo ya sha, ni na san wahalar da aka sha a kansa."

Da ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Daga rugar ba ta koma gida ba. Rana tana tsaka, ƙasa na ƙuna, ta nufi kudancin tafki ta faɗa ruwa da zanen gaisuwarta. Ta lalubo igiya ta kwance daga turke, ta naɗe a hannu ta ja da baya. Jiƙaƙƙen ƙirgi ya fi mutum nauyi. Ta faɗi, ta tashi, ta ja har ya fito bakin ruwa, kore shar, yana zubar da gashi, ƙudaje suka rufe shi nan take. Tana kan na biyu ta ji an kama igiyar daga bayanta. Haladu ne. Ya zo da jaki da sababbin ƙiraga uku, ya ga abin da take yi.

"Ta rasu," ta ce. "Yarinyar Adda."

Ya tuɓe riga ya shiga, ya riƙa nutsewa yana fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa jiƙe, ba a sanin ruwa ne ko wani abu.

Suna kan na ƙarshe inuwa ta faɗo a kansu. Gudaji ne tsaye da sanda. Ya daɗe yana kallon tulin, sannan ya dubi Haladu.

"Ubanka ya yi gayyar tafkin nan sau shida. Ni da shi muka dasa ƙayar can." Ya nuna gabas da haɓa. "Kai su nesa ka binne. Da zurfi."

"Baba," in ji Ruƙayyatu, "Fulanin fa?"

Tsohon ya juya ya nufi gari. Ba su gama ɗora wa jaki ba ya dawo, tafiyarsa ta ƙara nauyi.

"Na gaya wa Bulama an sami abin, an fitar. Bai tambayi na wane ne ba. Ya ce bakin alƙalami ya bushe, kuma ko ba komai shanun ruwa suke ragewa."

Ya ajiye sanda, ya tattare wando, ya ɗauki wata tsohuwar sakaina ya shiga har gwiwa. Ya fara yaɗe gashi da maiƙon da ke saman ruwan yana watsawa a tudu, sakaina ɗaya bayan ɗaya. Ruƙayyatu ta tambaye shi ko ruwan zai gyaru. Ya ce in Allah ya kawo damina zai wanke, kafin nan kuma shi zai yi iyakar abin da sakaina za ta iya.

* * *

Ran Juma'a da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Haladu yana gona, ko da yake babu abin yi a gonar. Ruƙayyatu ta leƙa ta ga Adda da shirin tafiya, zane ɗaure tamau, ƙaramin ɗanta a baya.

"Sun yi gaba da shanun, zan cim musu. Na ce ba na wucewa ban ga Kaɗona ba." Ta zaro wani faifai mai ado daga hammata ta miƙa. "Na Zinariya ne, na fara saƙa mata. Ba wa Mariyamu."

Ruƙayyatu ta karɓa da hannu biyu. Tun Laraba take tsara yadda za ta faɗa, yanzu ga Adda a gabanta, harshen ya mutu.

"Ina za ku?"

"Kudu, wajen kogi. Abin da ya kai ya kai." Ta gyara goyo. "Ba ni ruwa in sha, tafiya ce a gabana."

Ruƙayyatu ta ɗauki moɗa ta shiga ɗaki. Ga randar ƙofa a hannunta na dama. In ta ɗebo daga nan, Adda za ta sha abin da ta saba sha, ta yi godiya, ta tafi da ita a zuciya a matsayin ƙawa har ƙarshen ranta. Ga kuma ta bayan labule. Adda ta yi shekaru tana tallar nono a bakin rijiyar hanyar Gumel, ta san ruwan nan kamar yadda ta san muryar shanunta. Ruƙayyatu ta tsaya a tsakani har Adda ta ɗaga murya daga waje ta ce ko rijiya ake haƙawa a ɗakin. Ta dubi ruwan randar ƙofa, ta tuna da ɗan da ke bayan Adda yana shan nononta. Ta ɗage labule.

Adda ta karɓa ta yi bisimilla ta kai baki. Kurɓa ɗaya, biyu, ta tsaya. Ta juya ruwan a bakinta kafin ta haɗiye. Ta dubi cikin moɗar, ta dubi randar da ke bakin ƙofa, sannan ta miƙa wuya ta hango ta ƙurya, inda labulen ya saura a ɗage.

"Na rijiyar hanyar Gumel ne."

"Shi ne."

"Tun yaushe?"

Ƙarya tana kusa, kalma biyu ce, tun Laraba. Ruƙayyatu ta ce, "Kwana ashirin."

Leɓen Adda ya motsa, tana lissafi. Ba lissafi ne mai wuya ba. Yarinyar kwana huɗu ta yi a kwance.

"Adda, ƙiragan Malam ne. A ruwan ya jiƙa su. Na gani, na ji tsoro, na ce in na gaya miki..."

Adda ta ɗaga hannu. Ba ta yi tsaki ba, ba ta yi Allah ya isa ba. Ta kai moɗar baki ta shanye sauran, don a shekarar nan ba a zubar da ruwa ko na wane ne. Ta sunkuya ta ajiye ta a ƙasa maimakon ta miƙa.

"Allah ya raya miki su," ta ce. "Sai wata rana, matar Haladu."

Ta fita. Ruƙayyatu ta tsaya da faifai a hannu, ba ta san iyakar tsayuwar da ta yi ba. Can ta zabura ta shiga ɗaki, ta juye abin da ke randar ƙurya a tulu har ya cika, ta aza a ka ko gammo babu, ta fita da sauri. Kwana biyu ne a gabansu, gorunansu kuma da ruwan tafki aka cika su.

Ta hango ta a ƙarshen gonaki, tana tafiyar nan tasu ta Fulani mai cin ƙasa. Ta kira sunanta. Ta sake kira, har wasu mata masu tsintar kara suka ɗago kai. Ta ƙara sauri, ruwan ya fara fantsama yana bin wuyanta. Adda ba ta waiwaya ba. Ta gangara wani kwari, kan ɗan da ke bayanta ya yi ta lilo, sannan shi ma ya ɓace.

Ruƙayyatu ta tsaya a kan hanya, hannu biyu riƙe da tulu. Gabanta sawun shanu ne ya nufi kudu. Ruwan yana gangarowa ta bayanta yana jiƙa zane, yana ɗiga a yashi, yashin yana shanyewa.